Gudu mai tsanani a waje ko a cikin ɗaki: wanne ya fi sanyaya rai?

Tambaya daga wani matashi a Yelwa, Bauchi: "Shekarata 28. Ina gudu sau huɗu a mako, wata rana a kan injin gudu a gidan motsa jiki, wata rana a hanyar Dass bayan sallar asuba. A kan inji, minti goma kacal sai in ji raina ya ɓaci, ina ta kallon agogo. A waje kuwa wasai nake ji. Amma ranar da na ƙure gudu, ko a wajen ma daɗin yakan tafi. Wurin ne ko ni ne? Kuma a ina ya fi dacewa in riƙa yin gudu mai tsanani?"

Ɗan'uwa, duka abubuwa biyun da ka lura da su gaskiya ne, kuma kowanne da dalilinsa. Wuri yana taɓa ran mai gudu sosai muddin numfashinsa yana hannunsa. Da zarar haki ya ƙwace ragama, kyan wuri ya rage amfani, sai a koma maganar zafin wurin da irin iskar da ake shaƙa a cikinsa.

Akwai wata gaɓa a cikin gudu da ya kamata ka sani, mu kira ta gaɓar haki. Ƙasa da ita, iskar oksijin da jini ke kai wa tsoka tana isarta. Sama da ita, tsoka tana ƙona sukari da gaggawa, jini yana ƙara tsami, huhu kuma yana ninka aiki don fitar da iskar da ta taru. Ba ka buƙatar na'ura kafin ka gane ta. Kana cikin gudu, gwada yin cikakkiyar gaisuwa da ƙarfi: "Ina kwana, an tashi lafiya, ya gida, ya aiki, ya mutanen gida?" In ta fita a numfashi ɗaya, kana ƙasa da gaɓar. In sai ka yanka ta biyu ko uku, kana bakinta. In kuwa wani ya gaishe ka, abin da ka iya kawai shi ne "lafiya" da ɗaga hannu, to ka haye.

Wani masani mai suna Panteleimon Ekkekakis, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Jihar Iowa a Amurka, ya yi shekaru yana auna yadda mutane ke ji a ransu minti bayan minti suna motsa jiki. Abin da aikinsa ya nuna shi ne, ƙasa da gaɓar nan yawancin mutane suna jin daɗi. A bakinta mutane kan rabu, wani ya ji daɗi wani ya ji ƙunci, gwargwadon sabo da abin da ke ransa. Sama da ita kuwa kusan kowa daɗinsa raguwa yake, gwani da ɗan koyo. Dalili shi ne saƙon da ke zuwa ƙwaƙwalwa daga ƙirji da cinyoyi da fata ya yi ƙarfin da ya danne komai. Jiki magayi, kuma a wannan matakin da ihu yake magana. Shi ya sa ranar da ka ƙure gudu a hanyar Dass, duwatsun suna nan, sararin yana nan, amma kai ba ka ganinsu. Idonka yana kan kwalta taku uku a gabanka, kunnenka yana kan numfashinka.

To me ya sa waje ya fi daɗi kafin a kai nan? Hankalin mutum ba ya ɗaukar abu da yawa a lokaci guda. A kan hanya ido yana da aiki: ga rami, ga mai acaba, ga mata masu kai itace kasuwa, ga rana tana ɓullowa. Duk abin da ido ya ɗauka ya rage wa gajiya wurin zama. A shekarar 1980, James Pennebaker da Jean Lightner sun sa mutane gudu nisa iri ɗaya, sau ɗaya suna zagaye fili, sau ɗaya a hanyar da ta ratsa daji. A hanyar daji sun fi sauri, amma gajiyar da suka ce sun ji ba ta fi ta fili ba. A kan inji kuwa, gabanka bango ne ko madubi, sai lambobi masu tafiya a hankali. Hankali ba shi da wurin zuwa sai cikin jiki. Akwai kuma ruɗin ido: tunda komai a tsaye yake a gefenka, ƙwaƙwalwa ba ta samun alamar tafiya, sai kilomita 11 a awa ya zama maka kamar 13. An gwada an gani, in aka ce mutum ya saita inji daidai da saurin da ya yi a fili, yakan saita ƙasa da shi.

An yi bincike kai tsaye a kan tasirin itatuwa da sarari. A 2010, Jo Barton da Jules Pretty na Jami'ar Essex a Ingila sun nuna cewa ko minti 5 na motsa jiki a wuri mai ciyayi yana ɗaga rai, kuma abin yakan ƙaru in akwai ruwa a kusa. A 2011 wasu masana sun tattara bincike 11 da aka yi da mutum 833, suka ga motsa jiki a waje ya fi rage fushi da ɗari-ɗari da ƙunci, ya fi kuma sa mutum son maimaitawa. Sai dai a lura, yawancin gwaje-gwajen nan tafiya ce ko sassarfa ta ɗan lokaci, kuma a ƙasashe masu sanyi aka yi su. Kada wani ya ɗauki wannan ya ce maka gudu a waje ya fi a kowane hali. Wanda ya ce haka bai tsaya a shataletalen Wunti da ƙarfe 2 na rana a watan Afrilu ba.

A Bauchi, zafi ne babban mai ɓata wa mai gudu rai, kuma a ganina shi ne rabin matsalarka a kan inji. Mutum mai nauyin kilo 70 da ke gudun kilomita 12 a awa yana ƙona kalori wajen 840 a awa ɗaya. Kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na wannan ƙarfin zafi yake zama a cikin jiki, wato kamar wat 750, kusan dutsen guga na lantarki a kunne a ƙirjinka. Babbar hanyar fitar da shi ita ce gumi ya bushe a kan fata. Lita ɗaya ta gumi in ta bushe tana kwashe kalori wajen 580 na zafi. Wanda ya zubo ya ɗiga a ƙasa kuwa bai sanyaya komai ba, asarar ruwa ce kawai. Idan kana gudu a hanya, kai da kanka kake yi wa kanka iska mai saurin kilomita 12 a awa, tana share gumin tana busar da shi. A kan inji kana wuri ɗaya, iskar da ta kewaye ka ta ɗumama ta jiƙe, ta tsaya a jikinka kamar bargo. Dubi bel ɗin injin bayan minti 20, za ka ga ya yi ɗige-ɗige, rigarka kuma ta manne. Wannan duk gumi ne da bai yi aikinsa ba.

Abin da ke biyo baya shi ne jiki ya tura jini mai yawa zuwa fata don neman sanyi, ruwan jini ya ragu saboda gumi, zuciya ta ƙara bugu alhali saurinka bai canja ba. Bugun da ya fara a 150 a minti sai ya hau 160, ya hau 168. Ga mai shekara 28, ƙololuwar bugun zuciya a ƙiyasi wajen 190 ne. Ke nan zafi ya tura ka zuwa gaɓar haki ba tare da ka taɓa maɓallin sauri ba. Ɓacin ran da kake ji a minti na 10 zuwa 15 sau da yawa wannan ne. Za ka iya tabbatarwa: ɗora yatsu biyu a wuyanka ka ƙirga bugu na daƙiƙa 15 ka ninka sau 4, a minti na 5 da kuma na 20. In ya ƙaru da fiye da 10 a sauri ɗaya, zafi ne ke cin ka.

Maganinsa mai araha ne. Fankar sama ba ta isa, domin ƙoƙon kai kawai take bugawa. Nemi fanka mai tsayawa, ka ajiye ta a gabanka, mita ɗaya ko ƙasa da haka, daidai ƙirji da fuska, a lamba mafi ƙarfi. Zaɓi injin da ke kusa da taga ko ƙofa, ka guje wa na lungu da na gaban madubi. Ko ɗakin yana da na'urar sanyaya ɗaki, fankar tana da amfani, domin sanyi ba tare da motsin iska ba ba ya busar da gumi da sauri. Rufe allon lambobin da tawul. Kada ka tsaya a sauri ɗaya: duk minti 2 ka ƙara ko ka rage kilomita 0.3 zuwa 0.5 a awa, domin a hanya ma ƙafa ba ta taɓa tafiya a sauri ɗaya, kuma wannan ɗan 'yancin canja taku yana cikin abin da ke sa waje daɗi. Game da ɗaga gaban inji, Andrew Jones da Jonathan Doust sun nuna a 1996 cewa hawan kashi 1 cikin 100 ne ke daidaita wahalar inji da ta hanya, daga saurin kilomita 10 da rabi zuwa 18 a awa. In ɗakin yana da zafi, bar shi a sifili, zafin ya riga ya biya bashin. Kada ka riƙe ƙarfen gefe, kuma ka maƙala igiyar tsayar da inji a wandonka kafin ka ƙara wuta.

Abu ɗaya kuma da ba wasa ba: janareta. In yana aiki kusa da taga ko a barandar da iskarta ke shigowa ɗakin, hayaƙinsa yana ɗauke da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ko launi, wadda ke kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Mai gudu yana shaƙar iska ninki goma ko fiye na wanda ke zaune, don haka shi zai fara jin ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Janareta ya kasance a fili, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa. In kana fita daga wurin motsa jiki da ciwon kai kullum, duba inda aka ajiye shi.

A waje kuwa, lokacin shekara ne ke yanke hukunci. Daga Maris zuwa farkon Mayu, zafin rana yakan kai digiri 38 zuwa 40. Fatar mutum tana wajen digiri 33 zuwa 35, saboda haka iskar da ta fi wannan zafi ƙara maka wuta take, kwalta kuma tana mayar da nata daga ƙasa har bayan magariba. A wannan lokacin gudu mai tsanani yana da ƙofa ɗaya, daga bayan asuba zuwa kamar ƙarfe 7 da rabi. Jiki yana sabawa da zafi a kwana 10 zuwa 14, don haka a makonni biyun farko na bazara ka rage sauri, kada ka yi gasa da lokacin da ka yi a Janairu. Da damina zafi yana sauka amma laima tana hawa, gumi ba ya bushewa, sai ka ji nauyi ko da gari ya lumshe. Safiyar da ta biyo bayan ruwan dare ita ce mafi daɗi, ga Bauchi ta yi kore tun daga hanyar Gubi har gindin duwatsu. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, kafin hazo ya yi kauri, shi ne lokacin da ya fi kowanne dacewa da ƙure gudu a fili.

Hunturu yana da ruɗi. Sanyin safiya yana sa ƙafa sauƙi, amma ƙura tana shiga. A zaune mutum yana shaƙar lita 6 zuwa 8 na iska a minti. A gudu mai tsanani yakan kai lita 100, kuma ta baki, inda babu gashin hanci da zai tace. Ranar da ka fito ka ga dutsen da ka saba gani ya ɓace a hazo, rana ta fito fara kamar faranti, ranar ta ɗaki ce, ko ta sassarfa kawai. Busasshiyar iska mai sanyi tana matse hanyoyin numfashi, musamman ga mai asma, kuma alamar ita ce tari da shaƙewa minti 5 zuwa 15 bayan an tsaya. Haka nan ka nisanci bakin manyan hanyoyi irin ta Jos a lokacin da tireloli ke wucewa, da wuraren da ake ƙona bola da safe. Ko komawa layi na biyu daga babban titi yana rage hayaƙin da kake sha.

Tsoro ma yana cikin lissafi. Wanda yake gudu yana waige saboda kare, ko masu ƙwacen waya, ko 'yan sintirin da za su ga mutum yana sheƙa gudu cikin duhu su ɗauka wani abu ne, ba zai samu natsuwar da ake zuwa nema ba. Bari gari ya ɗan waye, sa riga mai haske, bi gefen da kake fuskantar motoci, ka bar waya a gida ko ka ɓoye ta. Mutum biyu ko uku sun fi ɗaya, kuma jin takun abokin gudu a gefenka yana rage nauyin gudu har a kusa da gaɓar haki. Ga 'yan'uwa mata, sau da yawa lissafin juyawa yake: idon jama'a da maganganu, ga hijabi mai riƙe zafi, suna sa ɗaki ko tsakar gida ko lokacin mata a gidan motsa jiki ya fi musu kwanciyar rai nesa ba kusa ba. Wurin da mutum ya saki jiki shi ne nasa.

Yanzu ga yadda zan shawarce ka ka raba kwanakinka huɗu. Biyu ko uku su zama gudu mai sauƙi na minti 30 zuwa 45, wanda gaisuwa ke fita a numfashi ɗaya, kuma waɗannan ka yi su a waje, domin a nan ne wuri ke biyan ka. Hasken safiya kuma yana daidaita barci, barci kuwa shi ne gyaran rai na gobe. Mai tsanani sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, da aƙalla awa 48 a tsakani. Shi kuma ka kai shi inda ya fi sanyi, ƙasa a shimfiɗe, babu abin hawa: fili irin na makaranta, ko wajen filin wasa na Abubakar Tafawa Balewa, ko inji mai fanka a ranar hazo da tsakiyar bazara. Kada ka yi shi a dunƙule. Ɗumama jiki minti 12 zuwa 15, sannan minti 3 da ƙarfi, minti 2 sassarfa, sau 4 ko 5. Sanin cewa saura daƙiƙa 40 a huta yana riƙe rai fiye da kowane kallo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara zagayen farko da gudun da ba za a iya maimaitawa ba, sai na uku ya zama azaba. Na farko ya zama mafi sauƙi, ka gama na ƙarshe kana jin da sauran ɗaya a jikinka. Abin saurare a kunne yana taimakawa a kan inji, ko da yake ƙarfinsa yana raguwa in haki ya yi yawa. A titi kuwa bar kunnenka a buɗe.

Yadda ka ƙare gudu yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Bayan an tsaya daga gudu mai tsanani, cikin 'yan mintoci rai yakan dawo har ya wuce inda yake kafin a fara. Wani bincike na 2016 da Zachary Zenko da Ekkekakis da Dan Ariely suka yi ya nuna cewa waɗanda suka fara da wuya suka gama da sauƙi sun fi tuna motsa jikin da daɗi, sun kuma fi sa ran jin daɗinsa nan gaba. Don haka kada ka rufe da tsere sannan ka faɗa mota. Ko a kan inji ka yi aikin, sauko ka fita waje ka yi tafiya ko sassarfa ta minti 10 a inuwa. A mintocin nan ne ido ke sake buɗewa.

Ruwa: sha leda ɗaya ta fiya wata, rabin lita ke nan, kamar awa 2 kafin gudu, ko da zarar ka tashi in na asuba ne. Auna nauyinka kafin da bayan. Kowane kilo da ya tafi lita ɗaya ce, ka mayar da leda biyu zuwa uku a hankali. Asarar kashi 2 cikin 100 na nauyi, wato kilo 1.4 ga mai kilo 70, ta isa ta kawo saurin fushi da ciwon kai. Da azumi, mai tsanani ya koma awa 2 zuwa 3 bayan buɗa-baki ko bayan tarawihi. In kana gudu ka ji jiri, ko tsigar jiki ta tashi cikin zafi, ko magana ta fara harɗewa, ko ƙirji ya riƙe, tsaya nan take, shiga inuwa, a zuba ruwa a jiki a yi fifita. Ruɗewa ko faɗuwa kuwa sai asibiti ba tare da jira ba. Ƙuncin da ya bi ka har gida, ya hana barci da cin abinci na tsawon mako biyu, ya wuce maganar wuri. Yana iya zama yawan horo, ko ƙarancin jini, ko zazzaɓin da bai gama fita ba, ko ciwon damuwa, kuma likita ne zai bambance.

In kana son ka ga naka da idonka, akwai ma'aunin da masu bincike ke amfani da shi, daga -5, wato ƙunci matuƙa, zuwa +5, wato daɗi matuƙa, sifili a tsakiya. Yi gudu iri ɗaya sau huɗu cikin mako biyu, a lokaci ɗaya na safiya: biyu a hanyar Dass, ɗaya a kan inji yadda ka saba, ɗaya a kan inji da fanka a gaba da tawul a kan allo. Ba wa kanka maki a minti na 5, na 15, a tsakiyar zagaye mafi wuya, da minti 10 bayan ka gama, ka rubuta tare da bugun zuciyarka. In fanka ta rufe yawancin tazarar da ke tsakanin inji da hanya, zafi ne matsalarka. In tazarar tana nan tun minti na 5, kafin gumi ya keto, to ido ne ke neman abin gani, sai ka bar wa inji ranakun hazo da bazara kawai.